Salsala tun 1682: gaskiya ce ko labarin gida? Muhawara kan iyalan Kwekawan Amurka

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan ko masana tarihi za su warware mini. Ina karatu a wani gari kusa da Filadelfiya, dattijuwar da nake haya a gidanta kuwa ta haura saba'in. Na taya ta sauko da akwatuna daga ɗakin sama, sai ta buɗe ɗaya ta ciro wata babbar takarda a cikin gilashi, duk ta yi ja don tsufa. Ta ce takardar auren kakannin kakanninta ce. Babu sa hannun fada ko alƙali a jiki. Sunayen mutane ne birjik a ƙasa, layi-layi, na ƙirga har na wuce arba'in, kowa da irin hannunsa, wani tawadar ma ta malale masa. Ta ce su Kwekawa ne, kuma kakansu na farko ya zo daga Ingila a 1682, jirgi ɗaya da William Penn, wanda ya kafa Fensilbaniya.

Tambayata ita ce, da gaske mutum zai iya bin salsalarsa sama da shekara 300 da takarda, suna bayan suna? Ko kuwa labari ne da ake gada baki da baki, kowa na ƙara masa gishiri?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, Kwekawan nan su ne masu Quaker Oats da muke dama wa yara? Mutumin nan mai baƙar malafa a jikin gwangwani?

Malam_Tarihi:
Hajiya, hoton nasu ne, amma kamfanin ba nasu ba ne. Sunan aka ara saboda an san su da gaskiya a ciniki. Su ɗarika ce ta Kirista da ta ɓulla a Ingila wajejen 1650 a hannun George Fox. Su da kansu "Abokai" suke kiran junansu. Sunan Kweka, wato mai makyarkyata, wani alƙali ne a garin Derby ya laƙaba wa Fox a 1650 don izgili, sai ya bi su har yau. A farkonsu ba su da fada, ba su da liman a gaba. Ba sa rantsuwa a kotu, domin a ganinsu wanda ke faɗin gaskiya kullum ba ya bukatar rantsuwa. Ba sa cire wa sarki ko alƙali hula, ba sa biyan ushirin cocin gwamnati, ba sa ɗaukar makami. Kowanne daga cikin waɗannan laifi ne a Ingila ta lokacin, shi ya sa aka cika kurkuku da su, dubbai, ɗaruruwa suka mutu a ciki.

Amsar tambayarka, Ɗan Fagge: ƙwarai ana iyawa, kuma dalilin yana cikin abin da na faɗa. Tunda sun bar cocin gwamnati, babu mai rubuta haihuwarsu da aurensu da mutuwarsu. In ba a rubuta aure ba, gobe a ce 'ya'yan ba na halak ba ne, a hana su gado. Sai suka buɗe nasu littattafan. Kowane yanki yana da taron wata-wata, maza da nasu littafin, mata da nasu. Takardar da ka gani, duk wanda ya halarci ɗaurin auren ne ya sa hannu a matsayin shaida, domin ango da amarya da bakinsu suke karɓar juna a gaban jama'a.

Bazazzagi77:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da batun littattafai. Amma batun "jirgi ɗaya da Penn" ne nake da ja. Sunan jirgin Welcome. Ya taso daga Deal a Ingila, ya yi kusan wata biyu a ruwa, ya iso New Castle a ƙarshen Oktoba 1682. Fasinjoji kimanin 100 ne, agana ta ɓarke a hanya ta kashe kusan 30. Babu cikakken jerin sunayen fasinjojinsa da ya rage. Masu da'awar kakansu na ciki sun yi yawan da sai da wani masani, George McCracken, ya rubuta littafi guda a 1970 yana tace su: waɗanda suka tabbata, waɗanda aka ƙaryata, da waɗanda ke da shakku. Jirage sama da 20 ne suka kawo mutanen Penn tsakanin 1681 da 1682. Mai yiwuwa kakan dattijuwar nan ya zo a shekarar, amma a wani jirgin.

Ɗan_Fagge:
Bazazzagi, wallahi ba zan iya kallon idon Baba tsohuwa in ce mata haka ba. Yadda take shafa gilashin nan da tafin hannunta kafin ta miƙo mini, kai ka san abin ya wuce takarda a wurinta.

Bazazzagi77:
Ban ce ka ƙaryata ta ba, ɗan'uwa. Tambayarta za ka yi ko tana da takardar sallama ta kakan nasu. Ita ce ke raba gardama.

Zinariya_Kd:
Mece ce kuma takardar sallama?

Malam_Tarihi:
Ita ce ƙashin bayan wannan bincike gaba ɗaya, 'yata. A wancan zamani Bakweke ba ya tashi daga gari haka kawai. Sai ya je taron wata-wata na garinsu ya ce zai yi ƙaura. Su naɗa mutum biyu su bincika: ana bin sa bashi? Ya yi wa wata alkawarin aure? Yaya zamansa da maƙwabta? In komai lafiya, su rubuta masa takarda su sa hannu. Ya tsallaka teku da ita a ƙirjinsa, ya miƙa wa taron garin da ya sauka, su karanta a bainar jama'a, su kwafe ta a littafinsu. To ka ga littafin Fensilbaniya ya gaya maka ƙauyen da mutum ya fito a Ingila ko Wels ko Ayalan, littafin can kuma ya gaya maka sunan ubansa da uwarsa. Da haka ake ƙulla igiyar. Duk sanda iyalin suka sake tashi, zuwa Bajiniya ko Karolina ta Arewa ko Ohayo, wata takardar za ta bi su.

Injiniya_Sokoto:
Bari in ja kunnen duk mai son shiga wannan harka game da kwanan wata, don na taɓa taya wani abokin aikina Ba'amurke jera salsalarsu a kwamfuta, muka yi kwana uku muna ganin an haifi yaro kafin a ɗaura auren iyayensa. Ashe mu ne muka karanta ba daidai ba. Kwekawan da ba sa kiran sunayen watanni da ranaku, saboda wasunsu sunayen allolin maguzawan Turai ne. Sai dai su ce wata na 1, rana ta 1. Kuma kafin 1752 shekarar Ingila da yankunanta tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka wata na 1 Maris ne, ba Janairu ba. In ka ga wata na 8 a 1682, Oktoba ake nufi. In ka ga wata na 12, Fabrairu ne. A Satumbar 1752 kuma aka tsallake kwana 11, aka kwana ranar 2 aka tashi ranar 14. Mutane da yawa sun cika intanet da ranakun haihuwa na kuskure saboda wannan.

Maman_Hanif:
Ikon Allah. Ni abin da ya burge ni shi ne mata na da littafinsu. A wancan zamanin?

Malam_Tarihi:
Tun zamanin Margaret Fell, wadda gidanta na Swarthmoor ya zama cibiyarsu, daga baya ta auri Fox. Mata suna wa'azi, suna tafiye-tafiye. Su ke binciken amarya kafin aure, su ke kula da zawarawa da marayu. Sau da yawa sunan uwa da ya ɓace a littafin maza, a na mata ake tsinto shi.

Ɗan_Damagaram:
Tunda an zo kan mata, akwai wadda ya kamata mu sani, Mary Fisher. 'Yar aikin gida ce daga yankin Yorkshire. Ita da Ann Austin su ne Kwekawan farko da suka taka Bostan, a 1656, daga Barbados. Mahukuntan garin suka ƙone littattafansu, suka tuɓe su ana neman alamar maita a jikinsu, suka tsare su mako biyar, suka kore su. Bayan shekara biyu, a 1658, wannan matar ta kai kanta har sansanin Sarkin Daular Usmaniyya Muhammadu na 4 kusa da Edirne, ta ce tana da saƙo. Aka karɓe ta da mutunci, sarki ya saurare ta har ta gama, aka sallame ta lafiya. A Bostan ɗin kuwa, daga 1659 zuwa 1661 an rataye Kwekawa huɗu, cikinsu har da mace, Mary Dyer, a 1660. Mary Fisher ta ƙare rayuwarta a Charleston ta Karolina ta Kudu, kuma jikarta Sophia Hume ta zama sananniyar mai wa'azi a cikinsu. Ka ga iyali guda, daga ƙauyen Ingila zuwa fadar Turkawa zuwa Amurka.

Uwar_Biyu:
Allahu akbar, wannan mata akwai ƙarfin hali. To in masu gwangwanin ba su ba ne, akwai wani abu nasu da muka sani a nan?

Injiniya_Sokoto:
Akwai mana, Hajiya. Cadbury masu Bournvita, wanda ya kafa shi a Birmingham a 1824, John Cadbury, Bakweke ne. Bankin Barclays ma asalinsa iyalan Kwekawa ne, kuma reshensa na Najeriya ne ya koma Union Bank. Lokacin yaƙin basasar Najeriya ma wasu Kwekawa, cikinsu da Adam Curle, sun yi ta kai da kawo tsakanin ɓangarorin biyu suna neman sulhu. Yau ƙasar da ta fi kowace yawan Kwekawa a duniya Kenya ce.

Bazazzagi77:
Jama'a mun fara nisa da tambayar Ɗan Fagge. Bari in dawo da mu da misalin iyali guda da kowa zai iya dubawa, iyalin Boone. Asalinsu Bradninch ne a yankin Devon. Squire Boone, masaƙi kuma maƙeri, ya riga iyayensa zuwa Fensilbaniya, su suka biyo shi a 1717. A 1720 ya auri Sarah Morgan, 'yar Kwekawan Wels, a taron Gwynedd. A 1734 suka haifi Daniel Boone, mafaraucin nan mai buɗe hanyoyin daji, wanda duk yaron makaranta a Amurka ya san sunansa. To ga inda littafin ke nuna ɗayar fuskarsa. A 1742 babbar 'yarsu ta auri wanda ba Bakweke ba, aka sa iyayen suka ba da haƙuri a gaban jama'a. A 1747 ɗansu Israel shi ma ya auro bare. Wannan karon uban ya ce ba zai ba da haƙuri ba, aka cire shi daga jama'a. A 1750 ya kwashe iyalinsa suka bar Fensilbaniya, suka ƙare a kwarin Yadkin a Karolina ta Arewa.

Abin da nake so ku lura, mun san duk wannan ne saboda an hukunta su. Littafin ba don jikoki su yi alfahari aka rubuta shi ba, don tsare tarbiyyar jama'a ne. Kuma ranar da aka cire mutum, ranar alƙalami ke daina bin sa. Shi ya sa salsaloli da yawa ke yankewa a tsakiya.

Maman_Hanif:
Wannan ya taɓa mini zuciya. A kori uba saboda ɗansa ya auri wadda yake so? Ina laifin uban? Ni da na ɗauka mutanen sassauci ne.

Malam_Tarihi:
Maman Hanif, ki dube shi ta idonsu. Jama'a ce ƙarama da ta sha ɗauri da bulala kafin ta samu wurin zama, tana tsoron narkewa cikin maƙwabta. Kuma cirewar ba tsinuwa ba ce. Wanda aka cire yana iya zuwa wurin ibada ya zauna, sai dai ba ya shiga taron shawara. In ya rubuto takardar nadama, sukan mayar da shi. Matar Squire Boone ma ba a cire ta ba. Amma ban musa miki ba, dokar ta yi tsauri, ta kuma cinye su. Sun yi asarar dubban matasa ta wannan hanya kafin su sassauta ta a ƙarni na 19.

Maman_Hanif:
Na ji, Malam, amma har yanzu ina ganin uban ya fi su gaskiya.

Alhaji_Zango_Kumasi:
Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama, ina jira in ga wanda zai tambaya: su wa suka share dajin, su wa suka yi aikin gonakin nan? William Penn da kansa yana da bayi a gidan gonarsa na Pennsbury. A 1684, shekara biyu kacal da kafa Filadelfiya, jirgin Isabella ya sauke bayi 'yan Afirka 150 a garin, mazauna suka saye su. Ina littafin haihuwarsu? Ina takardar sallamarsu? Wanda aka sato daga gaɓar tekunmu ba wanda ya tambaya ko ana bin sa bashi ko ya yi wa wata alkawarin aure. In sunansa ya fito, a wasiyyar ubangidansa ne, tsakanin doki da tukunya.

Zinariya_Kd:
Baba Alhaji, amma ba su ne suka fara yaƙi da bauta ba? Haka na karanta.

Alhaji_Zango_Kumasi:
'Yata, duka biyun gaskiya ne, kuma ba zan tauye musu haƙƙi ba. A 1688 mutum huɗu a Germantown, cikinsu da Francis Daniel Pastorius, suka rubuta takardar ƙin bauta. Hujjarsu mai sauƙi ce: ku da hantarku ke kaɗawa in kun hango baƙon jirgi a teku, kuna tsoron a kama ku a sayar, don me za ku yi wa wasu abin da ba ku so a yi muku? Taron wata ya ce maganar ta fi ƙarfinsa ya tura gaba, na gaba ya tura wa taron shekara, taron shekara ya ajiye ta. Takardar ta ɓace, sai a 1844 aka sake gano ta. A 1738 wani Bakweke mai ƙin bauta, Benjamin Lay, ya shiga taron shekara a Burlington ya soke wani littafi da takobi, jan ruwan da ya ɓoye a ciki ya fantsama wa masu bayi, suka fitar da shi waje, suka yanke shi daga jama'a. Sai da John Woolman da Anthony Benezet suka yi shekaru suna bi gida-gida suna kiran masu bayi su 'yanta su. A 1776 ne taron shekara na Filadelfiya ya yanke cewa duk wanda ya ƙi 'yanta bayinsa a cire shi. Daga 1688 zuwa 1776 shekara 88 ke nan. Mutum nawa aka haifa aka binne cikin bauta a tsakani?

Amma ga wani iyali da nake so ku riƙe. Wani yaro da aka sato daga wannan ƙasa tamu, sunansa Kofi. Duk wanda ya zauna da Asante ya san Kofi namiji ne da aka haifa ranar Juma'a, kamar mu ce Ɗanjuma. Ya zama bawan iyalin Slocum, Kwekawa a Masacusets, ɗaya daga cikinsu ya 'yanta shi. Ya auri Ruth Moses 'yar ƙabilar Wampanoag, suka haifi 'ya'ya goma. Ɗansu Paul, haihuwar 1759, ya ajiye sunan Slocum ya ɗauki sunan ubansa, ya zama Paul Cuffe. Ya mallaki jiragen ruwa, ya shiga jama'ar Kwekawa a Westport a 1808, ya zo Saliyo a 1811, ya sake tasowa a 1815 da baƙar fata 38 da suka zo zama. Salsalar wannan gida ta tsaya a kan Kofi. Sunan ranar da aka haife shi kaɗai ya tsallaka teku da shi.

Ɗan_Damagaram:
Allah ya saka da alheri, Alhaji. A ƙara da mutanen Lenape, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Ana yabon Penn cewa ya sayi fili a hannunsu ya zauna da su lafiya, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. A 1737 'ya'yansa suka fito da wata takarda suka ce an taɓa sayar musu da fili iyakar tafiyar yini ɗaya da rabi. Suka share hanya tun kafin ranar, suka ɗauko masu gudu uku, ɗayansu ya ci fiye da mil 60. Eka sama da miliyan ɗaya ta tafi. Gonakin da wasu iyalai ke nuna takardunsu yau, wasunsu daga nan suka fito.

Malam_Tarihi:
Haka ne, kuma kada a ce 'ya'yan ne kaɗai. James Logan, sakataren Penn da ya tsara abin, Bakweke ne.

Zinariya_Kd:
To in mutum na son ganin littattafan da idonsa fa? Ko kaburbura za a bi?

Injiniya_Sokoto:
Kaburbura ba za su taimaka sosai ba. Na farkon ba sa son dutse a kan kabari, suna ganin fifita wani ne a kan wani. Na taɓa tsayawa a wata tsohuwar maƙabartarsu, fili ne kawai da ciyawa da katangar duwatsu, sai 'yan ƙananan duwatsu da ba su kai gwiwa ba a gefe guda, na mutanen baya. Littattafan yankin Filadelfiya suna Kwalejin Swarthmore da Kwalejin Haverford. Na Karolina ta Arewa suna Kwalejin Guilford. Na Ingila, rajistar haihuwa da aure da mutuwa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kew. Akwai kuma kundin William Wade Hinshaw da aka fara bugawa a 1936, wanda ya taƙaita littattafan tarurruka masu yawa. Da shi ake farawa, amma taƙaitawa ce, dole a koma asali.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai, jama'a. Jiya da daddare na yi ƙarfin hali na tambayi Baba tsohuwa batun takardar sallama, kamar yadda Bazazzagi ya ce. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Ta ɗauko wani littafin rubutu na mahaifiyarta, da fensir aka cika shi. Tun daga ita har kan ma'auratan da ke cikin gilashin, kowane suna da garinsa da shafin littafin da aka samo shi. Daga su zuwa sama akwai suna uku, sannan wata mata da aka rubuta a gefen sunanta cewa an cire ta don ta yi aure a gaban fada. Tsakanin wannan mata da mutumin 1682 ɗin, mahaifiyarta layi ta ja ɗigo-ɗigo, ta sa alamar tambaya. Ta ce ita ma ta san da alamar, ba ta dai taɓa son kallonta ba.

Na karanta mata abin da Alhaji ya rubuta game da Kofi, ina fassarawa. Ta yi shiru har shayinta ya huce. Sannan ta ce akwai wasiyyar wani kakanta da ba ta taɓa karantawa har ƙarshe ba. Mun shirya zuwa Swarthmore ranar Laraba, ni zan tuƙa ta.

Bazazzagi77:
Madalla. Ka duba sunayen da ke jere a hannun dama na takardar auren, ƙasan sa hannun ango da amarya. Galibi dangi na kusa ne ke sa hannu a nan. Wataƙila wani daga dangin matar nan yana ciki.

Alhaji_Zango_Kumasi:
Ɗana, in kun je ka tambaye su takardun 'yantar da bayi na shekarun 1770. Tarurrukan sun rubuta su, da sunan ubangida da sunan wanda aka 'yanta, wani lokaci har da shekarunsa. In ka ga Kofi ko Kwasi ko Abena, ka rubuto mini su yadda aka rubuta su.

Maman_Hanif:
Ɗan Fagge, don Allah ka fara da littafin mata. Ina so in san ko matar nan da aka cire ta taɓa rubuto musu, ko kuwa tafiyarta ta yi ke nan.